Home Assistant a Ɗakin 'Yan Tsaki: Kai, Wannan Manhaja Ta Yi!

Da a ce masu kiwon kaji na yankin Mubi suna da wata lambar yabo da suke bayarwa duk shekara, ni dai ƙuri'ata ba ta da inda za ta je sai wajen Paulus Schoutsen. Ɗan ƙasar Holan ne, masanin manhaja, wanda a 2013 ya zauna ya rubuta wasu 'yan layuka da harshen Python don ya riƙa sarrafa fitilun Philips Hue na gidansa yadda yake so. Wannan abu da ya faro daga fitila shi ne ya girma ya zama Home Assistant, manhajar da zuwa 2025 ta shiga gidaje sama da miliyan 2 a faɗin duniya. Ɗaya daga cikin gidajen nan yana nan garin Uba, kuma aikin da na ɗora mata shi ne rainon 'yan tsaki cikin hunturu. Wallahi ta iya! Ta iya har ta wuce inda na zata.

Na san wani zai yi dariya. Na'urar ɗumama ɗaki a Adamawa? Wanda ya san Yola a watan Afrilu zai ce fanka muke nema, ba hita ba. To amma duk wanda ya taɓa kwana a Uba tsakanin Disamba da Fabrairu ya san labarin daban ne. Garin namu na kan hanyar da ta taso daga Mararrabar Mubi ta nufi Michika da Madagali, gari ɗaya amma jihohi biyu, wani ɓangare a ƙaramar hukumar Hong ta Adamawa, wani a Askira/Uba ta Borno, ga duwatsu a kusa. Da rana zafi kan haura digiri 30, amma in dare ya raba, iskar nan mai busar da leɓe ta taso, wasu dararen sai ka ga ma'auni ya sauko ƙasa da 15. Mutum ya ja bargo ya wuce wurin. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe shekaranjiya a Ibadan ko Jos, aka sha hanya da shi a kwali, ba shi da bargo, ba shi da uwa, gashin jikinsa kuma bai isa ya riƙe masa ɗumi ba. A makonsa na farko digiri 32 zuwa 35 yake so, dare da rana, sannan a riƙa rage masa wajen digiri 3 duk mako har ya yi gashi. Ko farar kazar nama ce, ko Noiler, ko ShikaBrown ɗin da cibiyar NAPRI ta Shika ta samar, ƙa'idar kusan ɗaya ce.

Yadda muka gada kowa ya sani: kasko da gawayi, ko fitilar kananzir, ko ƙwan lantarki in an yi sa'a akwai wuta. Sai kuma mutum ya sadaukar da barcinsa. Baffana, wanda ya riga ni shiga harkar kaji da shekaru masu yawa, da ya ga ina ta jan wayoyi a ɗakin tsaki, cewa ya yi, “Kai yaro, kaza ba ta karatun lamba. Ka dubi tsakin, shi zai gaya maka. In sun taru wuri ɗaya suna hawan juna, sanyi ne. In sun watse sun manne da bango suna haki, zafi ne.” Na ce, “Gaskiya ne, Baffa, Allah ya ƙara girma. Amma ƙarfe uku na dare wa ke dubawa?” Ya yi murmushi kawai. Maganarsa daidai take har gobe, ba ma'aunin da ya fi idon makiyayi. Sai dai ido yana rufewa, kuma daidai lokacin da yake rufewa ne gawayi ke mutuwa.

Ba ta baki na faɗa ba, manhajar ce ta zana mini. Abu na farko da ya sace mini zuciya a Home Assistant, tun kafin ta kunna ko ƙwai ɗaya, shi ne shafin tarihi. Ka liƙa ma'aunin zafi a ɗaki, ita kuma ta riƙa rubuta abin da yake faɗa dare da rana, da safe ka buɗe waya ka ga layin. Gani ya kori ji! Layin kasko ba ya tafiya a miƙe ko kaɗan. Bayan isha'i, da an zuba sabon gawayi, sai ya yi sama ya kusa 40, tsaki na haki. Daga nan ya riƙa gangarowa a hankali, har zuwa gab da kiran assalatu ya faɗo ƙasa da 25, daidai lokacin da sanyin waje ya fi tsanani. A dare ɗaya mun gasa su, mun kuma daskarar da su. Da safe in an tsinci gawa biyar a lungu, sai a ce ai kamfani ne ya aiko da tsaki marasa ƙwari, ko a ce ciwo ne, a ruga kantin magani. Alhali danne juna suka yi suna neman ɗumi. Wannan layin kaɗai ya isa mutum ya yi wa manhajar nan godiya.

To mece ce ita? Manhaja ce kyauta, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta, kowa na iya gyarawa. Ana girka ta a wata 'yar kwamfuta da ke cikin gidanka, ba a kwamfutocin wani kamfani a wata uwa duniya ba. Aikinta ta haɗa na'urorin da ba sa jin yaren juna. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mubi ya ga irin dillalin nan da zai juya ya yi Fillanci da mai saniya, ya juyo ya yi Hausa da mai saye, ya ɗan taɓa Faransanci da baƙon da ya ƙetaro daga Kamaru, ciniki ya faɗa. Haka take: makunnin Sonoff na kamfanin ITEAD da ke Shenzhen, da kayan Tuya na Hangzhou, da Shelly na Bulgeriya, da kayan Zigbee, da sabon tsarin Matter da ya fito a Oktoban 2022, duk tana zaunar da su a shafi ɗaya. Nau'o'in haɗin da take da su sun haura 2,000. Kuma farkon kowane wata sabon salo ke fitowa, ba fashi. A 2024 ma sai aka miƙa mallakarta ga wata gidauniya da ba ta neman riba, Open Home Foundation, don kada wata rana wani attajiri ya saye ta ya sa mata kwaɗo.

Wannan batu na kwaɗo ba tatsuniya ba ce. Nest, sarkin na'urorin daidaita ɗumin gida a Amurka, wanda Tony Fadell da Matt Rogers suka kafa a 2010, Google kuma ya saya a 2014 kan dala biliyan 3.2, ya zama abin kwatance. Ranar 25 ga Oktoba, 2025, Google ya yanke wa samfurin 2011 da na 2012 hulɗa da manhajar waya. Na'ura lafiyarta ƙalau a jikin bango, amma mai ita ba ya iya taɓa ta daga nesa. Kafin nan, a Afrilun 2022, masu amfani da kayan Insteon sun wayi gari kwamfutocin kamfanin a kashe ba ko sallama. Waɗannan mutane ne masu intanet da ba ya yankewa. Mu fa? Mu da sabis ɗin waya kan yi tafiyarsa ba tare da ya gaya wa kowa ba, data kuma ta ƙare a tsakiyar dare? Na'urar da sai ta tambayi Shenzhen izini kafin ta kunna ƙwai a Uba ba na'urar kiwo ba ce, kayan wasa ce. Home Assistant ba ta tambayar kowa. Na'urar waifai ɗina ko layin waya babu a cikinta yawancin lokaci, aikinta kawai ta haɗa kayan gida da juna, kuma komai na tafiya. Intanet sai ranar da zan sabunta manhaja.

Ga abin da na haɗa, ga mai son ya kwaikwaya. Yawancin masu rubutu a kan wannan harka 'yar kwamfutar Raspberry Pi suke ba da shawara, ko Home Assistant Green, 'yar akwatin da aka fitar a 2023 kan dala 99, wadda ake jonawa kawai ta kama aiki. Dukkansu masu kyau ne. Amma a wurinmu, tsohuwar kwamfutar cinya ta fi su dacewa, kuma zan kare wannan ra'ayi a gaban kowa. Tana da batirinta, don haka in an ɗauke wuta ko inbata ta yi atishawa ba ta mutuwa. Tana da agogon cikinta da ke riƙe lokaci, abin da Raspberry Pi 4 ba ta da shi, domin ita in ta mutu ta tashi babu intanet sai lokaci ya rikice mata, duk wani tsarin ƙarfe kaza ya tashi a banza. Ko allon kwamfutar ya fashe ba komai, ta waya za ka riƙa shiga. Irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci suna nan jibge a shagunan masu gyara a Mubi.

A ɗakin tsaki kuwa na sa Sonoff TH Elite, makunni mai ɗaukar amfiya 16, da 'yar wayar ma'aunin DS18B20 da ke jone da shi, wanda kuskurensa bai wuce rabin digiri ba. Inda za a rataya ma'aunin shi ne rabin aikin. Ba a saman ɗaki ba, ba kuma a ƙarƙashin ƙwan kai tsaye ba. Daidai tsayin bayan ɗan tsako, 'yan yatsu kaɗan sama da ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa, a gefen inda ɗumi ke sauka. Kuma a sa shi cikin ɗan raga, domin 'yan tsaki ba abin da ba sa tsattsaga.

Yanzu mun zo inda nake son in daɗe, wato ESPHome. Jama'a, ESPHome! Otto Winter ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Nabu Casa, wanda Schoutsen da abokansa suka kafa a 2018, ya karɓe shi a 2021. A cikin makunnin Sonoff ɗin nan akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa, ESP32, ta kamfanin Espressif na Shanghai. Tana zuwa da manhajar masu ita, wadda ke aiki da manhajar waya ta eWeLink. ESPHome na ba ka dama ka goge waccan ka zuba taka. Sau ɗaya ake buɗe akwatin a jona wayoyi huɗu, aikin da duk yaron da ke gyaran waya zai gama kafin shayinsa ya huce. Sharaɗi ɗaya ne ba wasa a cikinsa: kada a kuskura a yi wannan aiki makunnin na jone da wutar gida. Garantin kamfani kuma ya tafi, wannan a sani. Daga ranar, duk wani gyara ta iska ake tura shi.

Me ya sa nake rawar jiki a kansa? Domin dokar kunnawa da kashewa a cikin makunnin kansa take zaune. Ka ce masa: in zafi ya sauko ƙasa da kaza, kunna, in ya haura kaza, kashe. Ko kwamfutar cinyar ta mutu, ko ɓera ya cinye wayar waifai, makunnin na nan yana aikinsa shi kaɗai. Za ka kuma iya gaya masa abin da zai yi in wuta ta dawo bayan an ɗauke, ya tashi a kunne ko a kashe. Wanda ya tsara wannan ya san cewa kaya na lalacewa, bai ɗauka duniya aljanna ce ba. Irin wannan tunani ne ke sa ka ji kana ƙaunar mutumin da ba ku taɓa haɗuwa ba.

Wanda ba ya son buɗe akwati ma ba a bar shi a baya ba. A cikin Home Assistant akwai abin da suka sa wa suna Generic Thermostat. Ka nuna masa kowane makunni, ka nuna masa kowane ma'auni, ko da ba kamfani ɗaya ya yi su ba, shi ke nan ka sami na'urar daidaita zafi mai kyakkyawan da'ira a fuskar wayarka, irin wadda Turawa ke kashe kuɗi masu yawa su saya. Yana da tazarar haƙuri, wadda ya zo da ita a kan digiri 0.3 sama da ƙasa, don kada ya riƙa ƙyafta wuta duk daƙiƙa. Yana da mafi ƙarancin lokacin da zai bar abu a kunne kafin ya kashe, abin da ke tsawaita ran makunni da na ƙwai. In bazara ta shigo, Maris da Afrilu, sai ka kafa wani irinsa ka juya masa aiki, ya riƙa kunna fanka in zafi ya yi yawa. Kaji manya zafi ke kashe su, ƙanana sanyi, manhaja ɗaya ta riƙe duka biyun.

Wani zai ce, ai STC-1000 ma na yin wannan, 'yar akwatin nan mai jan lamba da masu haɗa injin ƙyanƙyasa ke sakawa, ga ta da araha, ba waifai ba kwamfuta. Haka ne, kuma ina girmama ta. In kunnawa da kashewa kawai kake so, saye ta ka huta. Amma ba ta tuna abin da ya faru jiya. Ba ta san yau kwanan tsaki nawa ba. Ba ta san batirinka ya kusa ƙarewa ba. Ba za ta tashe ka ba. Ni kuwa ranar da kwali ya iso, kwanan wata kawai nake shigarwa. Daga nan manhajar ke lissafi da kanta, kullum ta ɗan rage zafin da ake nema da kusan rabin digiri, maimakon a jira ƙarshen mako a zabge digiri 3 lokaci guda. Tana kuma tuna mini ranakun allurar rigakafi, ta Gumboro da ta Lasota, domin duk daga kwanan watan nan ake lissafinsu. In zafi ya fita daga iyaka ya daɗe minti 10 bai dawo ba, wata jiniya da na ɗaura wa makunni na biyu a ɗakin kwanana sai ta ɗauki kuka, saƙo kuma ya faɗo waya. Saƙon da Hausa na rubuta shi: “Tashi, tsaki na jin sanyi.” Uwargida ta ce ko ladan bai kai shi iya tada mutum ba.

Sai maganar wuta, wadda ita ce gaskiyar da duk mai yabo ya kamata ya faɗa. Manhaja ba ta ƙirƙirar wutar lantarki. Ɗumi kuma shi ne abu mafi cin wuta a gida. Jan ƙwan nan na ɗumama tsaki mai wat 250, in ya yi awa 10 a kunne, ya sha kilowat-awa 2.5. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 gaba ɗayansa kilowat-awa 2.4 ne a takarda, kuma in na ruwa ne, rabinsa kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi shekaru. Ka ga ƙwai ɗaya ya fi ƙarfin batir ɗaya. Dogaro da wutar gwamnati kuwa, wanda ya ga 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe arewa maso gabas ta shafe makonni cikin duhu, ba sai an yi masa wa'azi ba. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, ya zama na masu hali.

A nan ne fa Home Assistant ta nuna mini ita ba ƙaramar yarinya ba ce. Tana iya karanta inbata. Irin su Deye da Growatt da Victron duk akwai hanyoyin haɗa su, wasu a cikin manhajar, wasu daga abin da masu sa kai suka rubuta. Da zarar ta san batir ya cika, wanda a hunturu ma yakan faru wajen azahar duk da hazo, ta san sauran hasken ranar asara zai tafi. Sai na ba ta doka: batir ya cika, rana na sama, kunna hitar duron ruwa. Kafin la'asar ruwa ya kai digiri 60 ta kashe. Da magariba a ɗura a jarkoki, a naɗe su da buhu don kada su ƙona tsaki, a jera a ɗaki. Yi lissafin da kanka: jarka mai lita 25, in ta huce daga 60 zuwa 35, ta saki ɗumin da ya kai kilowat-awa 0.7. Jarka huɗu sun kusa 3. Wato jarkoki huɗu sun ajiye mini ɗumin da ya fi abin da batir biyu na ruwa za su ba ni lafiya. Ruwan zafi a kwalba ba sabon abu ba ne, iyayenmu mata sun san shi. Sabon abu shi ne wanda zai tsaya ya lura da daidai lokacin da wuta ta zama ta banza ya kunna, ya kuma kashe in gajimare ko ƙura ta rufe rana. Da dare jarkoki su riƙe ɗakin, ƙwai kuma ya riƙa cike giɓi, musamman daga ƙarfe uku zuwa fitowar rana. Shafin makamashi da suka ƙara a 2021 na nuna mini abin da kowace na'ura ta sha, ba zato ba tsammani.

Ban jefar da kasko ba, kada a ce na faɗa. In an yi kwanaki hazo ya toshe rana, gawayi ne mai ceto. Amma yanzu ko shi ma ƙarƙashin kulawa yake, jiniya na gaya mini ya yi yawa ko ya mutu. Kuma tunda maganar ta zo, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe tsaki, tana kashe mutum cikin barci. Duk hunturu sai an ji irin wannan labari a arewa. Na'urar gano wannan iska ita ma tana shiga Home Assistant, amma a sayi mai ƙararrawar kanta, wadda za ta yi ihu ko babu manhaja, a kuma bar wa iska hanya.

Akwai wani ɗan abu da ya sa na yi tafi ni kaɗai a ɗaki. Cikin haɗe-haɗen manhajar har da na lokutan salla, Islamic Prayer Times. Ka ba ta inda garinku yake, ka zaɓi hanyar lissafi, ko ta Ummul Ƙura ta Makka, ko ta Masar, ko ta Rabiɗa, sai ta fitar maka da asuba da azahar da sauransu a matsayin lokutan da za ka rataya wa doka. Nawa mai sauƙi ne: saura minti 40 asuba, in batir na da ƙarfi, kunna hitar banɗaki. Lita 20 daga digiri 20 zuwa 45 bai kai kilowat-awa 0.6 ba, hita mai wat 1,000 ta gama cikin minti 35. Tsohuwarmu ta daina fasa sanyin randa da hannunta a watan Janairu. Lokacin asuba na motsawa, dokar na bin sa, ba sai na taɓa komai ba. A ce manhajar da aka faro don fitilar falo ce ke ɗumama wa Inna ruwan alwala a Uba! Gargaɗi dai: hita ta jikin bango ko ta duro mai murfi da na'urar kariya nake nufi. Ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti kada a kuskura a sa shi ya riƙa kunna kansa, yaro na iya sa hannu, ruwa na iya ƙonewa. Kuma hita mai wat 2,000 na jan kusan amfiya 9, ƙaramin Sonoff mai amfiya 10 ba sa'anta ba ne, a nemi mai 16 ko 20, a kira mai aikin wuta na gaske ya ɗaura.

Aibunta? Akwai, amma ba su rage mini komai ba. Makon farko kai zai yi zafi, kalmomi sun yi yawa, fayil ɗin ESPHome kuma in ka ƙara tazara ɗaya inda bai dace ba sai ya ƙi tafiya. Waɗannan ƙananan na'urori waifai mai gigahaz 2.4 kawai suke ji, in ka sa su a na 5 ba za su gan shi ba. Ɗakin kwano na cinye sigina, sai an matso da na'urar waifai kusa. Ƙurar hunturu da ta dusa na toshe fankar kwamfuta, don haka a cikin gida take zama, ba ɗakin kaji ba. Sabuntawar wata-wata wani lokaci takan sauya abin da ka saba, shi ya sa dokata ita ce: in akwai tsaki 'yan ƙasa da mako uku a ɗaki, ba na sabunta komai, kuma kafin in sabunta sai na ɗauki kwafin ajiya na sa a filashi. In kana son leƙa ɗakin kaji daga Yola ko Maiduguri, Nabu Casa na sayar da wannan hidima da kuɗin wata, amma ba dole ba ce, kuma kuɗin ne ke biyan albashin masu rubuta manhajar.

Injin ƙyanƙyasa shi ne fage na gaba, kuma a can ma ta nuna hali. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a wajen digiri 37.5, da danshi kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, a kwana ukun ƙarshe a daina juyawa a ɗaga danshi zuwa 65 ko 70. A hunturu iskarmu kan bushe ƙasa da kashi 20, shi ya sa ɗan tsako ke maƙalewa a ɓawo ya mutu bayan ya riga ya huda. Home Assistant na da ɗan'uwan Generic Thermostat na danshi, Generic Hygrostat, mai kunna na'urar feshin ruwa in iska ta bushe. Zafin injin kuwa na bar wa akwatinsa, domin a nan kuskuren digiri ɗaya asarar tire ne, manhajar tana tsaye ne a matsayin mai gadi da marubuci. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwannin ƙauye, sai a canza lissafi zuwa kwana 26 zuwa 28, kuma 'ya'yan zabi sun fi na kaza rashin jimirin sanyi, don haka ɗakin raino ba ya hutu.

Abu ɗaya ya rage mini a rai. Sunayen na'urori da saƙonni duk da Hausa na rubuta, “Ƙwan tsaki”, “Hitar Inna”, “Duro”, amma sauran shafukan da Turanci nake bin su, kuma Baffa ba zai bi ni can ba. Fassarar Home Assistant masu sa kai ne ke yin ta, a dandalin Lokalise, jimla bayan jimla. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Mubi, ga Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002 a garin, cike da ɗaliban kwamfuta da na lantarki da na kiwon dabbobi masu neman aikin kammala karatu. Ɗalibin lantarki ya haɗa akwatin ESP32 mai ma'auni biyu da jiniya wanda zai yi aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, na kiwo ya gwada shi a kan tsaki ya auna mace-mace, na kwamfuta kuma ya nemi a buɗe wa Hausa gurbi ya fara da shafin zafi. Duk wanda ya fara, ɗakin tsakina a buɗe yake don gwaji, shayi kuma a wuyana.